Ruwan Jegon Sauda

Tun ranar da Gwaggo Kaltume ta fara kai hannu duron nan ta san akwai abin da ba daidai ba. Ta tsoma bokiti za ta ɗebi ruwan zafi ke nan, sai ta ji wani abu ya bi ta yatsunta ya haura har gwiwar hannu, zirr, kamar an zuba mata tururuwa cikin jijiya. Ta saki bokitin, ta ja da baya tana salati.

Duron na ƙarfe ne, yana girke a bayan ɗakin Sauda kusa da makewayi, cikin gidan Alhaji Siddiƙu da ke Wurno. A cikinsa ake dafa ruwan wankan jego. Amma ba murhu a ƙarƙashinsa, ba itace, ba hayaƙi. Wani guntun katako ne aka nannaɗe da waya aka jefa cikin ruwan, wai shi hita. Wata baƙar waya ta fito daga jikinsa ta bi katanga, ta shige ƙarƙashin kwanon rufi, ta ɓace wajen zaure. In an kawo wuta ruwa ya tafasa, in an ɗauke ya huce.

Kaltume ba ta taɓa zama gidan da ke da lantarki ba. Mutuniyar Shinaka ce, ƙanwar uban Sauda, kuma ita kaɗai ta rage wa yarinyar a matsayin uwa. Da ana zaman lafiya, can Sauda za ta je wankan gida kamar kowace mai haihuwar fari. To ina gidan? Tun da 'yan bindiga suka tashi unguwarsu kowa ya kama gabansa, ita kanta Kaltume a wani ɗakin ɗan'uwa take raɓe a Goronyo. Shi ya sa aka ce ta taho nan ta yi wa 'yarta wanka, ta zauna har a yi arba'in.

Ta sami Hajiya, uwar Haliru mijin Sauda, zaune a inuwa tana tsintar shinkafa. Ta durƙusa ta gaishe ta.

"Hajiya, ruwan ga na cizo."

Hajiya ta yi dariya har shinkafa na zuba. "Cizo? Kaltume, ruwa da haƙora? Wuta ta, haka take gaisawa da baƙo. Ki riƙa bari sai an ɗauke, sannan ki ɗiba."

"To in anka maido ina cikin ɗiba hwa?"

"Kai, ke dai akwai ki da hangen nesa. Wa ya san gobe?"

"Da dai an samo muna itace, ko kaɗan na. Ni da shi na saba."

Dariyar Hajiya ta ɗauke. "Itace? Wa ka shiga daji yanzu? Ke kin hi kowa sanin abin da ke cikin dajin ga."

Kaltume ta sunkuyar da kai. Ta san abin da ke daji kam, shi ne ya mai da ita 'yar raɓe. Daga inda take durƙushe tana hangen tukunyar gas a madafin Hajiya, an lulluɓe ta da tsumma. An riga an faɗa mata wannan ta shayin Alhaji ce da ɗumamen safe, ba a taɓa ta.

Sai ta yi dabara irin tata. Ta sami busasshen kara, in za ta ɗebi ruwa ta ɗago hitar ta rataya a bakin katanga, in ta gama ta mayar. Abin ya yi mata sau ɗaya, sau biyu. Ana nan wata yamma ta ɗago ta akwai wuta, wayar ta yi jajawur, ta ce fat, ta tsinke, wari ya cika gida.

Haliru ya dawo daga kasuwar albasa ya tarar da aika-aika. Matashi ne mai ganin ba abin da hannunsa bai iya ba, shi ya haɗa hitar da kansa. Da yake suruka ce bai dube ta ba, ya tsaya ya juya mata baya yana yi wa katanga magana.

"A hwaɗa wa Gwaggo ba a hidda ta cikin ruwa. Ƙonewa takai."

"A hwaɗa mai tana ja na," in ji Kaltume, ita ma tana duban ƙasa.

"A sa takalmi."

Washegari ya haɗa sabuwa. Wannan karon ya ɗaure ta tamau da waya a bakin duron, yadda ko ƙato ba zai iya ɗago ta ba. Makunni kuwa babu, wanda ya sa da fari ya narke tun kafin suna, sai ya murɗe waya da waya kawai ya naɗe da leda. Da yamma ya shigo da silifas na roba, na Sauda da na Gwaggo, ya ajiye a bakin ƙofa yana jin ya gama sauke nauyi.

Latifa ce ta warware wa Kaltume zancen. Ita ce matar Lukman, ƙanen Haliru, tana fama da tsohon ciki, ba ta da aiki sai zama bakin ƙofa tana haki. Ta jawo Kaltume kusa ta rage murya.

"Gwaggo, kin ga akwatin nan da ke zaure mai ƙyalli? Shi na mita. Kati aka sa mai, in ya ƙare wuta ta ɗauke. Hitag ga kwana guda ta shanye katin. Shi na Yaya Haliru yab bi ta bayan mita yaj jawo wayag ga, don kar ta ƙirga."

"To a kira mai gyara mana shi sa muna abin kashewa."

"Wane mai gyara? Shi shigo shi gani? Gwaggo, Baba Alhaji hwa shi na shugaban kwamitin taransihoma na unguwag ga."

Kaltume ba ta san mene ne taransifoma ba, amma ta fahimci sauran. Ranar Juma'a ma daga tsakar gida ta jiyo muryar Alhaji a zaure, yana yi wa maƙwabta faɗa. Yana cewa masu satar wuta su ne ke jefa unguwa cikin duhu, haram ce tsagwaronta, duk wanda aka kama shi da kansa zai kai sunansa. Mutane suna ta cewa gaskiya ne, Allah shi saka. Wayar nan kuwa tana bisa kansu, an shafa mata farar ƙasa ta saje da bango.

Damina ta kankama. Bayan ɗakin Sauda ya zama caɓi, ruwan wanka da ruwan sama suka haɗu suka ƙi bushewa. Daga nan abin ya daina tsayawa cikin duro. Ka taɓa ƙyauren makewayi na kwano ya ja ka. Ka taɓa igiyar shanya ta waya ta ja ka. Ko tsayuwa ka yi kusa, sai ka ji tafin ƙafarka na tsatstsafa.

Wata safiya ɗan akuyar Hajiya ya je shan ruwan da ya taru a gindin duron. Ko kuka bai yi ba, ya miƙe ƙafafu ya sandare. Hajiya ta fito tana salallami, ta yi ta juyayin ko yanka ba a samu an yi ba, ya tafi mushe. A ranar ta sa aka kwance awakinta kaf, aka kafa musu sabon turke can gaban gida, nesa da duron. Awaki dai sun tsira. Kaltume ta tsaya tana jira ta ji an ce wani abu game da mutanen da ke zuwa wurin safe da yamma. Ba wanda ya ce uffan.

Sauda yarinya ce mai sanyin hali, ba ta cika magana ba. Amma tsoro ya fara cinye ta a tsaye. Da ta ji ƙarar bokiti sai ta zabura. Sau biyu tana miƙa hannu ta karɓi bokiti daga Gwaggo abin ya fizge ta, har ta cije harshe. Abinci ya daina shiga, kunun kanwa sai an yi da gaske take kurɓa. Nono ya ja baya, jaririn ya yi ta tsala kuka. Sunan Alhaji aka sa masa, don haka ake kiransa Mainasara.

Ta yi wa mijinta magana, Kaltume na jiyo su daga tabarmarta a bakin ƙofa.

"Don Allah ka cire abin ga. Tsoro nika ji."

"Kin cika raki, Sauda. Gidaje nawa ka aiki da shi cikin garin ga? Wa kinka ji ya mutu?"

"Ɗan akuya hwa?"

"Ke akuya ta? Ba na sawo miki takalmi ba?"

Ga kuma wata wahalar. Don gudun wuta, Kaltume kan jira sai ta tabbata an ɗauke an jima, kafin nan ruwa ya huce. Wankan jego kuwa da tafasasshen ruwa ake yinsa, a tsoma ganyen darbejiya a riƙa fyaɗa wa jiki har tururi ya tashi. Ƙafafun Sauda suka ɗan tasa. Hajiya ta latsa da yatsa, ta ɗago ta dubi Kaltume sama da ƙasa, a gaban 'yan barka.

"Ga shi nan, sanyi ya hwara shigarta. Da ruwa mai ɗumi aka wankan jego, ko wankan jinjiri? Mu dai anka ce muna gwana ta, shi na munka aika mata."

Maganar ta soki Kaltume har ƙashi. A Shinaka ita ake kira in an haihu, mata nawa ta gasa suka tashi garau, ba a taɓa cewa maijegonta ta kumbura ba. Yau ga 'yar ɗan'uwanta, a hannunta, ana nuna ƙafarta ga baƙi. Daga ranar ta daina jira ruwa ya huce. Da fankar ɗakin Hajiya ta tsaya, alamar an ɗauke wuta, sai ta ruga da bokiti, ta ɗiba da sauri tana karanta duk addu'ar da ta zo bakinta.

Da abin ya ishe ta, ta yi ta maza ta je turakar Alhaji. Ta durƙusa daga waje, bayan labule.

"Ranka shi daɗe, wayag ga ta bayan ɗaki za ta yi ɓarna. Ta kashe dabba, tana jan mutane."

Alhaji ya yi gyaran murya. Mutum ne mai taushin harshe, bai taɓa ɗaga wa kowa murya a cikin gida ba.

"Na ji, Kaltume. Allah shi yi miki albarka da kulawa. Za a diba."

"Ko mai gyara a kira, ranka shi daɗe."

"Ƙato baligi cikin gidana, ga maijego, ga mai ciki? Ba tarbiyyar gidan ga ba ta. Kuma masu gyaran ga bakinsu bai da ƙyaure. Abu kaɗan ya rage a yi arba'in, da an gama sai a cire gaba ɗai." Sai ya sauya zance. "Ana dai ba ki abinci yadda ya kamata ko? Ɗakin bai yoyo? Na ji an ce can Goronyo ku shida ka kwana ɗaki guda."

Kaltume ta gane karatun. Baƙo raɓa ne, kuma wanda ba shi da wurin komawa ba ya ɗaga murya. Ta ce ana ba ta, ta yi godiya, ta tashi.

Ba a yi mako ba abin ya same ta. Ta ga fanka ta tsaya, ta ruga, ta dafa bakin duro da hannun dama za ta tsoma bokiti, aka maido wuta. Ji ta yi an ɗauke ta an maka da katanga. Da ta farfaɗo tana kwance cikin caɓi, Sauda na kanta tana kuka. Tafin hannunta ya ƙone, wani farin tabo mai zurfi daidai inda ta dafa, wuyan hannun kuma ya kumbura suntum don a kansa ta faɗi.

Hajiya da kanta ta shafa mata man shanu ta naɗe da tsumma. Hannunta da taushi, bakinta ma haka.

"Allah ya kiyaye, Kaltume. Ba sai an tahi asibiti ba, tambaya ta yi musu yawa. In wani ya tambaye ki, ki ce tukunya ta. Kin san ciki ba don tuwo ɗai anka yi shi ba."

Haliru ya aiko mata da tsire da lemun kwalba. Ya ce a faɗa wa Gwaggo ta yi haƙuri, ranar kasuwa in ya samu sarari zai sa makunni. Ranar kasuwa ta zo ta wuce, albasa ta yi tsada, bai samu sarari ba.

Yanzu wa zai ɗebi ruwa? Hannun Kaltume ko ludayi ba ya ɗauka. Latifa ba ta iya sunkuyawa. Hajiya ta ce ita da ta haifi bakwai ba wanda ya ɗebar mata ruwa bayan suna, 'yan matan yanzu ne komai sai an yi musu. Sai ya zama Sauda ke ɗiba da kanta, Kaltume na tsaye tana leƙen fankar Hajiya ta taga, tana cewa yi maza, yi maza.

Ranar da abin zai faru an kwana ana ruwa. Da asuba aka kawo wuta, duro ya tafasa, hantsi na yi aka ɗauke. Sauda na zaune bakin gado tana ba Mainasara nono, idanunta sun faɗa.

"Gwaggo, a bar wankan yau. Gabana ka hwaɗuwa."

Kaltume ta dubi ƙafafun yarinyar. Kumburin ya fara saɓewa, har ta fara jin daɗi a ranta. Ta tuna da yatsan Hajiya da idon 'yan barka.

"Haba ɗiyata, saura ƙiris. Kin sha wuya ta kai nan, kar sanyi shi koma. Ga shi yanzu anka ɗauke, ba su maidowa da wuri. Kawo shi in riƙe miki, ki yi maza."

Sauda ba ta yi musu ba, ba ta taɓa yi wa Gwaggo musu ba. Ta miƙa mata jaririn, ta gyara ɗaurin ƙirji. Silifas ɗinta ɗaya ya tsinke tun jiya, ta zura mai kyan, ta taka ɗayar ƙafar haka nan. Ta ɗauki bokiti ta zagaya.

Kaltume ta tsaya jikin taga da yaro a kafaɗa. Fanka a tsaye take. Ta ji ƙarar bokiti ya taɓa bakin duro. Sai fankar ta motsa.

A waje yaran unguwa suka kwashe da ihun murna: "An kawo wuta! An kawo wuta!" Rediyon wani gida ya kama waƙa. Daga bayan ɗaki kuwa ba ihu, ba kira, sai wani sauti ƙasa-ƙasa kamar mai shaƙuwa.

Ta dire yaron a gado ta ruga. Sauda na tsaye, hannunta manne da bakin duro, jikinta na karkarwa, idanunta a buɗe. Kaltume ta yi kanta za ta rungumo ta, Latifa ta riƙe mata zane ta baya tana kururuwa: "Kar ki taɓa ta! Taɓarya, Gwaggo, taɓarya!" Da hannun hagu Kaltume ta ɗauki taɓarya ta riƙa dukan wayar da ke jikin katanga, tana duka tana kuskurewa, har Allah ya sa ta tsinke. Sauda ta sulale cikin caɓi. Tururi na ta tashi daga duron.

Kaltume ta ɗora kanta a cinya, ta kira sunanta, ta tofa mata addu'a, ta girgiza ta. Ina! Mai abu ya karɓi abinsa.

Alhaji ne ya fara shigowa, Haliru na biye da shi. Haliru ya zube a ƙasa yana kuka kamar ƙaramin yaro, kuma kukan gaske ne, yana son matarsa. Alhaji ya yi salati, ya share ido da bakin rawani. Sannan ya dubi katanga, ya dafa kafaɗar ɗansa.

"Tashi. Rufe ƙohwar gida. Cire wayag ga dut, har zaure, kahin mutane su shigo."

Gawar na nan kwance cikin caɓi ba a ko lulluɓe ta ba, mijinta na bisa tsani yana kuka yana ɓamɓarar waya. Sai da aka naɗe wayar, aka kwance hitar, aka zubar da ruwan duro, aka kife shi, sannan aka buɗe ƙofa aka aika a faɗa wa liman. Abin da aka faɗa masa shi ne jiri ya ɗebi maijego a makewayi ta faɗi. Ba wanda ya yi mamaki. Dama an ga ƙafarta a kumbure, kuma jego ya saba ɗaukar mata.

Kafin a gama haƙa kabari amalanke ya tsaya ƙofar gida shaƙe da itace, busasshe, faskararre. Za a ɗumama ruwan wankan gawa, za a yi wa 'yan makoki girki. Kaltume ta tsaya tana kallon ana jibge shi a tsakar gida. Ashe akwai mai shiga daji.

Ita ce uwa, ita aka ba wankan, Hajiya na zuba mata ruwa. Da ta buɗe tafin hannun Sauda na dama sai ga farin tabon nan, irin nata sak. A tafin ƙafar da ba takalmi kuma ga wani baƙi, kamar an ɗora garwashi. Ta daɗe riƙe da hannun. Hajiya ta matso, ta yi magana a hankali.

"Kaltume, ke babba ta, kin san hukunci. Mai wankan gawa amana anka ba ta. Abin da tag gani jikin mamaci ba ta hwaɗi, har ta koma ga Allah. Malamai sun ce wanda yas suturta, Allah shi suturta shi."

Kaltume ta san maganar haka take, tun tana yarinya take jin ta. Ta gama wankan, ta sa wa 'yarta likkafani da hannu ɗaya, aka fita da ita kafin azahar.

Ta yi shiru ranar farko, ta yi shiru ta biyu. Ba ta ci ba, ba ta runtsa ba, maganarta ta ƙarshe da yarinyar ce ke ta dawo mata: kawo shi in riƙe miki, ki yi maza. Da yammacin ta biyun ta shiga madafi neman ruwan ɗumi don jaririn, sai ta tarar da Haliru riƙe da naɗin waya da hitar, yana cewa zai kai su rijiyar bayan gari ya jefa. Hajiya ta karɓe daga hannunsa.

"Almubazzaranci na. Wa'adinta na yaz zo, ko da itace anka dahwa sai ta tahi. Ga Latihwa nan yau ko gobe. Wannan karon dai ka sa makunni."

Ta tura su ƙarƙashin buhunan gero. Haliru ya juya ya fita. Latifa na zaune bakin ƙofarta, ta ji komai, ta dafe cikinta da hannu biyu tana kallon Kaltume.

Ranar sadakar uku tsakar gida ya cika da mata, daga Rabah, daga Tursa, daga cikin gari. Ana ta rabon gumba da waina. Uwar Latifa ma ta zo daga Rabah, dattijuwa mai yawan tambaya. Bayan an shafa fatiha ta juyo wajen Kaltume.

"Ke kinka wanke ta, baiwar Allah. Wai kumburin na yat taɓa zuciya? Ina tambaya don tawa ɗiyar na bisa hanya."

"Jego na," Hajiya ta riga ta amsawa. "Kin san shi."

Kaltume ta ɗago kai. Muryarta ta dushe, amma wurin ya yi tsit har na nesa suka ji.

"Abin da nig gani jikin ɗiyata amana ta, ba ni hwaɗi. Na yi alkawari da Allah." Ta kama bakin tsumman da ke hannunta da haƙori, ta warware shi a hankali, ta ɗaga tafin sama. Ciwon ya ruɓe, yana ruwa. "Amma wanga hannu nawa na, kuma ban mutu ba tukuna. An ce in ce tukunya ta. Ba tukunya ba ta. Wuta ta, wadda anka jawo ta bayan mita anka sa cikin duron wanka. Ta kashe ɗan akuya, anka gusa da awaki. Ta kada ni, anka ba ni man shanu. Wurin da nis samu wanga tabo, nan Sauda taf faɗi. Wayar na nan ƙarƙashin buhun gero, an aje wa Latihwa."

Ba wadda ta motsa. Wata ta ce inna lillahi a hankali. Hajiya ta fara cewa baƙin ciki ne ya taɓa mata kai, ku yi mata uzuri, tun abin da ya same su a ƙauye ba ta cika daidai ba. Uwar Latifa ba ta ko dube ta ba. Ta tashi, ta shiga madafin da kanta, aka ji tana ture buhu. Ta fito da naɗin waya da katakon nan, ta jefar a tsakiyar tabarma, kan faifan gumba.

"Latihwa," in ji ta, "ɗauko gyalenki. Gida za ki haihu."

Ba a kira hukuma ba, ba a kama kowa ba. Matan suka watse da wuri, kowace da abin da za ta faɗa wa mijinta, mazan kuma za su ce a bar wa Allah, gidan mutunci ne. Kafin la'asar aka aiko wa Kaltume cewa an samu mota mai zuwa Goronyo, gara ta bi ta tun da rana, hanya ba kyau. Ta roƙa a ba ta Mainasara ta rena, ko na shekara guda. Aka ce ɗa na ubansa ne, kuma wanda bai da ɗakin kansa ina zai kai jinjiri? Ta ɗauke shi ta shinshina kansa, har yanzu da ƙamshin uwarsa, ta mayar wa Hajiya.

Ta ɗaura ƙullin kayanta ta ratsa tsakar gida. An yi girkin kwana uku, an ciyar da gari guda, amma ga itace nan jibge ya yi saura. Ta tsaya ta auna shi da ido, irin awon wadda ta yi shekaru tana dafa ruwan jego. Ya isa wankan da ya rage wa Sauda, safe da yamma, har a ba maƙwabta.

A zaure Alhaji na zaune cikin manyan unguwa yana amsa gaisuwa, muryarsa a sanyaye. "Wa'adi na, Malam. In ya zo ba makawa. Mun yi iya yinmu." Suka ce haka ne, Allah shi ba da haƙuri. Bisa kawunansu, daga bayan mita har bakin ƙofar cikin gida, ga sawun waya nan a jikin bango inda farar ƙasa ta ɓamɓare, dogo, a fili, ko makaho ya shafa zai ji. Kaltume ta raɓa ta gefensu ta fita da hannunta a buɗe. Ba wanda ya ɗaga kai.